Sunan da Ban Rubuta Ba

A cikin akwatin ƙarfen da nake ajiye takardun gona akwai wani littafin rubutu irin na 'yan firamare, mai shuɗin bango, gara ta ɗan lashi gefensa. Shafi uku kaɗai aka taɓa. Na farko dokoki ne, na biyu sunayen magidantan unguwarmu, na uku kuwa sunayen waɗanda aka ci tara. Mutum shida ne a shafin nan na uku. Na sa lamba ta 7 a ƙasansu da jan biro, na bar gabanta fili. Fiye da shekara 30 ke nan, kuma duk hunturun da iska ta fara kaɗa ƙura daga gabas har rana ta koma kamar faifai, sai na tuna da filin nan.

Wanda bai san Gagarawa Tasha ba, garin jirgi ne. Layin dogon da ya tashi daga Kano ya bi ta Ringim ya wuce Malam Madori, ya isa Nguru a 1930, shi ya haife ta. Ma'aunin gyaɗa ya kawo fatake, aikin layi ya kawo leburori, sai ga Bakano kusa da Bamange, ga Bafillace, ga Babarbare, ga Bayaraben da jirgi ya ajiye bai koma ba. Ba gari ba ne na kaka ɗaya da za a ce babban gida ya yi magana kowa ya bi. Maƙwabtaka ce ta haɗa mu, sai kuma auratayya da ta biyo baya.

Tsofaffi sun sha ba mu labarin jirgin kwal, wanda idan ya taho yana tari sai ya riƙa watsa tartsatsi hagu da dama. Suka ce da kaka ta yi, leburori kan fito da fartanya su share ciyawar gefen layi ƙal, kuma babu mai gardama, domin shugabansu zai biyo bisa ɗan kekensa na kan layi ya duba. Mu da muka taso, jirgin gas ne ke wucewa, shi ma jefi-jefi. Gyaɗa ta ja baya tun bayan farin 1973 da cutar da ta faɗa mata a 1975, riɗi ya fara karɓe gonaki. Sharar gefen layi ta tafi tare da masu yin ta. Ƙarangiya ta zo har bakin ƙarfe ta zauna.

Abin da baƙo ba ya saurin ganewa game da ƙasar Gumel shi ne, shekarar albarka ita ce shekarar wuta. Idan damina ta yi rowa, daji fayau yake, wuta ba ta samun abin ci. Idan kuwa ruwa ya sauka yadda ake so, ƙarangiya da burburwa da ƙyasuwa su rufe ƙasa, kafin watan Nuwamba ya ƙare duk sun bushe ƙamas. Sai iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas, busasshiya, ba ta da ko ɗigon laima. Ka duba gidajenmu na wancan lokaci: dangar kara, zanar gamba, jinkar ciyawa, rumbu a tsakar gida, ga harawa an jibge bisa rumfa. Makamashi muka tara muka kwanta a tsakiyarsa, da kaskon wuta a ƙarƙashin gado.

Harawar nan kuwa ba ciyawa ba ce kawai a idon mai ita. Kuɗi ce. Kusan kowane gida da ragonsa a turke, wasu da sa, ana jiran Alhamis a kai Maigatari. A shekarun da nake magana babbar Salla tana faɗowa ne a watan Yuni, wato sai an ci da dabba rani gaba ɗaya, har zuwa lokacin da damin harawa ke ninka kuɗinsa na kaka. Wanda ya tara ta da yawa ya yi arziki sau biyu, ga rago ga ragowar harawa. Wannan ya kamata mu fara sawa a gaba daren da muka zauna yin doka. Ba mu sa ba.

A kakar 1991 ne, watanni kaɗan bayan an cire Jigawa daga Kano. Kowa yana jin sabon jini, kowace unguwa tana kafa ƙungiyar ci gaba. Ranin da ya wuce wuta ta ci rumbu uku a bayanmu, don haka da mai unguwa ya tara magidanta a ƙofar gidansa bayan Isha, ba a sha wahalar shawo kan kowa ba. Aka ce kada wanda ya ƙara zuba toka mai rai a gindin danga. Aka ce yaron da aka kama da ashana a bayan gari, ubansa ne zai biya. Aka ce za a yi gayya a share layi mai faɗin taki 20 ta gabas da arewacin unguwa, inda iska ke fitowa. Babbar cikinsu ita ce ta harawa: duk wanda tasa ta wuce abin da dabba za ta ci a mako, ya kai ta wani fili da aka ware ta yamma, nesa da danga, yadda ko ta kama iska za ta kore wutar daga gidaje. Tara naira 5 ce, ta harawa naira 10. Ni sabon malamin firamare ne a lokacin, mai kyan rubutu da yawan zumuɗi, sai aka miƙo mini littafi.

Gayyar ta yi kyau, in faɗi gaskiya. Makaɗi ya zo, mata suka dama kunu, samari suka yi tsere da fartanya, kafin La'asar layi ya fito fes kamar hanyar mota. Na tsaya ina kallonsa ina jin kamar ni na gina ganuwar Kano.

Tara ma na karɓa, ban yi sanya ba. Ta farko wata tsohuwa ce mai ƙosai, gwauruwa, wadda na tarar ta juye rushin murhunta a jikin dangar maƙwabcinta. Ta ce, "Ɗan nan, ai ta mutu." Na tura sanda na tono mata garwashi ja. Ta kwance gefen zanenta ta ƙirgo mini naira 5 da 'yan silalla, cinikinta na safiyar. Bayanta sai wani mai gyaran keke, sai iyayen yara uku, sai wani almajiri da ya girma ya yi aure a cikinmu. Sai da na daɗe kafin na lura cewa duk shidan babu wanda ke da ƙofar gida ta ƙarfe.

Matsala ta ɓullo daga filin harawa. Mun kai dukiyar mutane bayan gari mun ajiye, ba mu sa mata mai tsaro ba. Da rana awaki da jakuna su ja, da dare masu hannu su ɗauka. Wani bawan Allah ya wayi gari an kwashe masa dami sama da 20, abin da ya dogara da shi ya kai ragunansa biyu Salla. Ya zo ƙofar mai unguwa yana rawar murya. Aka ba shi haƙuri, aka ce kowane gida zai riƙa ba da naira 1 a mako a ɗauki mai gadi. An karɓa sau biyu. A mako na uku wannan ya ce bai sayar da riɗi ba, wancan ya ce shi ba shi da harawa a filin, don me zai biya. Mai gadi ya kama gabansa.

Ana haka, ranar wata Asabar da hantsi, amalanken shanu ya fara jigila daga filin zuwa cikin unguwa. Na wani Alhaji ne, dillalin riɗi kuma mai kiwon raguna, mutum mai kyauta, wanda rabin tabarmin masallacinmu shi ya saya. Bai ɓoye ba. Ya sa aka jibge harawarsa bisa doguwar rumfar bayan gidansa, ta yi tsiri har ana hango ta daga bakin layin dogo, kuma rumfar nan ta jingina da dangogin gida huɗu. Dattawan kwamiti suka kalli juna, suka ce ai mai littafi ne zai je.

Sun sani sarai, kamar yadda duk unguwa ta sani, cewa iyayena sun riga sun kai kayan na-gani-ina-so gidan nan.

Na je bayan La'asar. Tun daga nesa na tuɓe takalma, na tsuguna a gefen tabarma, littafi a hammata, ban iya ɗaga ido ba. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo. Shi ya rage mini hanya.

"Malam, maganar harawa ce ta kawo ka."

"Baba, dattawa ne suka ce a zo a tuna maka."

"Na tuna. Ina wurin aka yi dokar, har na ce madalla. To ka faɗa mini, in ɓarawo ya kwashe ta a filin can, littafin nan naka zai biya ni?"

Na yi shiru, don ba ni da amsa, kuma har yau ina ganin tambayar tasa daidai ce. Sai ya sa hannu a aljihu ya zaro naira 10 sabuwa, ya ajiye a kan tabarma.

"Ga tararku. Rubuta sunana. Amma harawa tana nan inda take."

Na ce, "Haba Baba, ni ne zan karɓi kuɗinka?" Na yi sallama na tashi, ban ɗauki kuɗi ba, ban rubuta suna ba, harawa kuma ba ta motsa ba. A hanya ina ta gaya wa kaina cewa ladabi na yi.

Kafin Juma'a ta zagayo filin yamma ya zama wayam. Kowa ya kwaso tasa. Ba wanda ya yi shela cewa doka ta mutu, amalanke ne ya sanar. Tsohuwa mai ƙosai ta tare ni a hanyar makaranta, a gaban yara, ta miƙo hannu ta ce, "Malam, a ba ni biyar ɗina." Na yi dariyar yaƙe na wuce.

Na daɗe ina juya abin da ya faru a kan tabarmar nan. Da na karɓi goman ma, da ba a tsira ba, domin Alhaji ya riga ya mai da tara farashi: ya biya, ya ci gaba. Naira 5 ta ci cinikin tsohuwa na safiya, naira 10 kuwa ba ta kai kuɗin dami kaɗan daga tsirin da ke bayansa ba. Abin da dokar ke bukata shi ne harawa ta tashi, abin da Alhaji ke bukata kuma shi ne mai gadi, kuma da mun zauna da shi a kan haka, mai yiwuwa shi kaɗai zai ɗauki albashin mai gadin, tunda shi ya fi kowa abin asara. Wannan magana ce da ɗan shekara 24 mai neman aure ba zai iya buɗe baki ya yi wa surukinsa ba. Dattawan da za su iya kuwa sun turo ni ne don kada su yi. Kowa ya tsare mutuncinsa. Muna kiran abin kunya, kuma kunya abu ne mai kyau, ita ta riƙe gidajenmu. Amma akwai wadda ba komai ba ce illa tsoron ɓacin ran mai hali, an yafa mata mayafin ladabi. Ban ji kunyar tsohuwa ba ranar da na tono mata garwashi.

Daga baya, da karatu ya ɗan yi nisa, na ga yadda wasu ƙasashe suke yi da irin wannan. A Amurka akwai unguwanni da yawa da idan ka sayi gida, ka shiga ƙungiyar masu gidajen wurin ke nan, ko kana so ko ba ka so. Kana biyan kuɗin wata, kana bin ƙa'idojin da ka sa wa hannu, idan ka saɓa takarda ta zo maka, tara ta biyo baya, in ka ƙi biya bashin ya hau kan gidan. A jihar Kalifoniya ma dokar gwamnati ce, mai gida a yankin da wutar daji ke barazana ya rage ciyawa da busassun itatuwa har tsawon ƙafa 100 kewaye da gininsa, wajen mita 30 ke nan. Ba don sun fi mu hankali ba ne, wuta ce ta koya musu, kuma ba ta gama ba: a Nuwamban 2018 ta cinye garin Paradise, mutum 85 suka mutu. Su ma suna faɗa da juna a kan dokokin, har kotu. Bambancin da na gani shi ne mai kawo takardar ba ya neman 'yar mai gidan. Kuma kuɗin da dokar za ta ci an yanka shi tun farko, yana cikin na wata. Mu kuwa mun yi doka kyauta, muka ɗora nauyinta a kan mai harawa shi kaɗai.

Ban ce mu kwafo nasu ba. Unguwar da maƙwabci ke aika wa maƙwabci takarda maimakon ya yi masa sallama, ba na sha'awar zama a cikinta. Na ga irin rukunin gidajen da ake yi yanzu a Kano da Abuja, masu ƙofa ɗaya da maigadi. Ana biyan kuɗin tsaro ba fashi, amma leƙa bayan kowane gida, za ka ga janareta da jarkokin fetur a jingine da tagar ɗakin yara, babu mai cewa uffan.

Wutarmu ta zo ana saura 'yan kwanaki a kama azumi. Bayan Azahar ne, iska tana kaɗawa har ƙofofin kwano suna kuka. Wasu yara sun sami ramin gafiya a wata gona ta arewa maso gabas, suka cusa ciyawa suka kunna don hayaƙi ya koro ta. Gafiya dai ban san ko ta fito ba. Wuta ta fito, ta kama ƙarangiya, ta bi karan da aka bari a gonaki, tana gudu fiye da yadda yaro zai iya. Ina aji na ji ihu. Da muka fito, hayaƙi ya riga ya tokare sama.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Layin da muka share ya yi aikinsa. Da idona na ga wutar ta iso bakinsa, ta rasa abin ci, ta kwanta. Samari suka bi ta da rassan sabara da na darbejiya suna bugu, wasu suna watsa ƙasa, har mun fara cewa alhamdu lillahi. Amma wuta ba da ƙafa kaɗai take tafiya ba. Iska ta ɗauko guntayen kara masu ci ta tsallake da su bisa kawunanmu. Waɗanda suka faɗi a tsakar gida, a kan yashi, suka mutu nan take. Ɗaya ya sami abin da ya fi komai tsawo a unguwar. Masu binciken gobarar daji a ƙasar da na ambata haka suke cewa, yawancin gidaje ba harshen wuta ke kama su ba, tartsatsin da iska ke kai wa gaba ne, ya sauka inda aka tanadar masa abinci. Mu ba mu bukaci bincike ba, a gabanmu aka yi.

Busasshiyar harawa ba ta ci a hankali. Fuu ɗaya ta yi, tsirin ya zama wuta gaba ɗaya, ya fara jifan maƙwabta, su kuma kowa da tasa bisa rumfa. Rijiyarmu mai zurfi ce irin ta ƙasar nan, kafin guga ɗaya ya fito ɗaki ya faɗi. Motar 'yan kwana-kwana tana wani gari, waya babu. Abin da ya tsayar da ita shi ne wani tsohon leburan jirgi da ya daka wa samari tsawa su bar ɗibar ruwa, su tumɓuke dangogin da ke gabanta su ja su nesa. Masu dangogin suna ihu kada a taɓa, ana tumɓukewa. Gida tara suka ƙone. Allah ya tsare rai, amma rumbuna sun tafi da geron shekara, raguna da dama sun mutu a turke, mutumin nan da ɓarayi suka kwashe wa dami 20 ya ƙone hannu biyu wajen kwance nasa. Ɗakin tsohuwa mai ƙosai na cikin taran. Ita ba ta da harawa ko dami ɗaya.

Aka yi jaje kwana uku. "Allah ya mayar da alheri." "Allah ya sa iyakarta ke nan." Aka yi karo-karo, Alhaji ya fi kowa bayarwa duk da shi ya fi kowa asara. Sannan aka zauna gaban dagaci a ji wa zai ɗauki alhaki. Liman, mutum mai sanyin murya, ya ce malaman Malikiyya ba su bar wannan mas'ala a buɗe ba, yana cikin Muhtasar na Halil cewa wanda ya hura wuta a ranar iska mai ƙarfi har ta ci dukiyar wani, lamuni na kansa. Ya kuma tuna mana hadisin gidan da ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, wanda a kansa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci a riƙa kashe wuta idan za a kwanta. Kowa ya gyaɗa kai. Sai aka kawo sunayen yaran gafiya. Akwai ɗan ƙanen mai unguwa. Akwai ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya. Maganar harawa kuwa ba wanda ya ɗaga, domin duk wanda ke zaune a wurin tasa na bisa rumfa ranar. Wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce, "Ranka ya daɗe, abin nan ƙaddara ce." Aka shafa fatiha.

Na yi imani da ƙaddara, kuma ba na wasa da ita. Amma na san abin da muka yi da kalmar ranar nan: mun lulluɓe kanmu da ita ne, dukkanmu, bargo ɗaya. Liman bai ce komai ba. Da muka fito ya dube ni ya ce, "Malam, ina littafin?" Na ce yana gida. Ya ce, "To."

Mutanen da suka girme ni kan ce da zamanin En'e ne, da haka ba ta faru ba, da duba-gari ya zo da dogari, harawa ta tashi kafin Magariba. Mai yiwuwa. Sun manta da kazar da ake kama wa duba-gari don ya kau da kai. Na kuma ga 1984, lokacin yaƙi da rashin ɗa'a, da ake share gari don tsoron bulala, na ga yadda shara ta dawo da bulalar ta tafi. Yau ma ba dokoki muka rasa ba. Tun 2011 akwai ƙa'idojin tarayya a kan ƙona daji da ƙona abubuwa a fili, a hannun hukumar NESREA. Amma babu hukumar da za ta iya tsayawa a bayan kowace danga daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar. Wanda ke ganin tsirin harawa kullum shi ne wanda ke kwana a gindinsa.

Tsallaken iyaka, a Nijar, sun ɗauki layin tare wuta da muhimmanci fiye da mu, don makiyayarsu ita ce dukiyarsu. Bayan damina akan ɗebi mutanen karkara aiki a yankunan kiwo na jihohin Damagaram da Maraɗi da Tawa, su share layuka masu tsawon kilomitoci, a biya su. Abin da ya burge ni shi ne biyan. An gane cewa tsare dukiyar kowa aiki ne, kuma aiki yana da lada. Amma su ma sun ɗanɗana ihu bayan hari. A Afrilun 2021 azuzuwan zana suka kama wuta a wata makaranta a Yamai, yara kusan 20 suka rasu. A Nuwamban shekarar aka sake yi a Maraɗi, yara fiye da 20. Sai bayan ta biyun aka hana sa ƙananan yara a irin azuzuwan. Mu ma nan kusa, a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, daren 15 ga Oktoban 2024, tankar mai ta faɗi, jama'a suka taru ɗiba duk da ana korar su, ta fashe, mutum fiye da 150 suka tafi. Ina jin labarin na tuna ihun masu danga, kada a taɓa.

Na koma Tasha bara. Yawancin gidajen unguwarmu bulo ne yanzu da kwano, kuma mutane suna ganin an rabu da wuta ke nan. Na ga harawa bisa kwanon, na ga jarkokin fetur na 'yan bumburutu a zaure, na ga tukunyar gas kusa da murhun itace, ga wayoyin lantarki an ɗaura su da leda. Inda muka share layi gidaje ne. Bayansu kuma ƙarangiya ce har gindin katanga. Na tambayi wani matashi da aka ce shi ne sakataren ƙungiyar unguwa ko suna da doka a kan wuta. Ya ce suna da ita a waya, ya nuna mini. Na ce wa aka taɓa ci tara? Ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai duk 'yan'uwa ne."

Auren dai an yi shi bayan babbar Salla, 'yar Alhaji ita ce uwar 'ya'yana. Ni da Alhaji ba mu taɓa tayar da maganar ba har Allah ya karɓi ransa. Sai dai kwana biyu bayan zaman gaban dagaci, wani yaro ya yi sallama a gidanmu ya miƙo mini ambulan, ya ce in ji Alhaji, ba wani saƙo. Naira 10 ce a ciki, mai hoton Alvan Ikoku. Ban san asusun da zan sa ta ba, ƙungiyar ta riga ta watse. Na sa ta a shafi na uku na rufe.

Ita kuwa tsohuwa, da albashi ya fito na kai mata naira 5 daga aljihuna, a rumfar da aka kafa mata kafin a gyara ɗakin. Tana tsame ƙosai daga mai. Ta dubi kuɗin, ta dube ni, ta ce in ajiye a kan faifai, hannunta da mai.